John Spilsbury: Matashin da ya yanka duniya da zarto

Hutun da ya wuce, kafin in hau motar gida, na biya wajen masu gwanjon kayan wasan yara a kasuwar Sabon Gari don in samo wa ƙannena tsaraba. Kun dai san halin aljihun ɗalibi a ƙarshen zango, kuɗin mota ma da ƙyar. Motoci masu batir da 'yan tsana sun fi ƙarfina, sai idona ya kai kan wani tsohon kwali da gefensa ya soma cinyewa. A jikinsa akwai zanen wata yarinya 'yar Turawa ta rungume ɗan kwikwiyo, ga mage a gefe tana hararsu. Na girgiza, na ji abu yana ƙara kamar tsakuwa. Da na buɗe sai na ga gutsattsarin kwali masu kunnuwa, ɗari biyar a cewar rubutun da ke jiki. Mai kayan ya ce shi ma a cikin dila ya tsince shi, in ba da abin da ya sawwaƙa.

Ƙauyenmu yana gefen madatsar ruwan Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai. Da na isa na zazzage abin a kan faifai, sai kakarmu ta leƙo ta tambaya ko sakaina na kashe kuɗi na sayo. Da aka nuna mata hoton kuwa sai ta yi tsaki, wai wace irin uwa ce za ta bar 'yarta ta rungumi kare har a zana. Amma kafin la'asar yaran gidan sun manta da langa da motar kara. Kwana uku aka yi ana abu ɗaya, har masu dawowa daga ban ruwan shinkafa suna tsugunawa su gwada sa'arsu. Ita kanta kakar, wadda ta ce aikin gyartai ne marar amfani tunda ba a shan fura a ciki, a rana ta biyu ita ta gano inda jelar magen take.

Wannan ne ya sa na shiga neman wanda ya fara wannan wasa na harhaɗa hoto, wanda Turawa ke kira jigso, kuma da yawanku kun taɓa yin irinsa a waya. Sunan da na yi ta cin karo da shi shi ne John Spilsbury, wani mai zanen taswira a birnin Landan. Abin da ya fara tsayar da ni shekarunsa ne. An haife shi a 1739, ya rasu a 1769. Duk abin da za ku ji ya yi shi ne tsakanin shekara ashirin da talatin, wato sa'an yawancin masu karanta wannan shafi.

Shi ne na biyu a cikin 'ya'ya maza uku. Wansa Jonathan shi ma mai zane ne, har ana yawan rikita aikinsu. Yana ɗan saurayi aka kai shi koyon sana'a wajen Thomas Jefferys, ɗaya daga cikin manyan masu buga taswira a Ingila, wanda daga baya ya zama mai taswirar Sarki George na Uku. Tsarin bai bambanta sosai da wanda muka sani a Kwari ko wajen masu walda ba: a damƙa yaro a hannun maigida, ya yi shara, ya yi aike, ya sha faɗa, bayan shekaru a yaye shi. A Landan ta lokacin shekara bakwai ake yi a al'ada.

Sana'ar kuwa ba ta rago ba ce. Ba kyamara, ba kwamfuta. Ana samun faranti na jan ƙarfe a goge shi har ya yi santsi, sannan a riƙa ƙwaƙule layi da wani ɗan ƙarfe mai kaifi, kogi bayan kogi, gari bayan gari. Kuma komai a juye ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu, don in an danna takarda ya fito daidai. In ka taɓa tsayawa wajen masu yanka hatimi ka ga yadda suke sassaƙa harufa a birkice, to ka ɗauki wannan ka ninka shi sau dubu. In an gama sai a shafa tawada ta shiga cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi a matse da inji. Launi kuwa da hannu ake sa shi, takarda bayan takarda. Kuskure ɗaya a sunan gari na iya cinye maka yini guda wajen gyara. A nan Spilsbury ya koyi haƙuri da tsayuwar hannu, kuma su biyun ne jarinsa.

Ya yi sa'ar lokaci. Daga 1756 zuwa 1763 Ingila da Faransa suna gwabza yaƙin da ake kira Yaƙin Shekara Bakwai, a Turai da Amurka da Indiya da kan teku. Ingila ta fito da riba mai yawa, har da Kanada. Kowa a Landan yana son ya ga inda ake wannan faɗa, ɗan kasuwa yana son sanin inda jirginsa ya nufa, don haka taswira ta zama kaya mai tafiya, kamar yadda data take a wajenmu yau. Iyaye masu hali kuma suka ga cewa ɗan da bai san labarin ƙasa ba zai ji kunya a cikin mutane. A gefe guda, tun 1693 masanin nan John Locke ya yi rubutu yana jan hankalin iyaye cewa yaro ya fi kama karatu in an haɗa masa da wasa, maimakon bulala. Ra'ayin ya daɗe yana yawo a gidajen manya, ana jiran wanda zai mayar da shi abin sayarwa.

Da aka yaye Spilsbury sai ya buɗe shagonsa a wani lungu mai suna Russell Court, kusa da titin Drury Lane. A 1761 ya auri wata mai suna Sarah May, 'yar garin Newmarket. Ku riƙe sunanta, za mu dawo kanta. Zuwa 1763 wani kundin sunayen masu sana'a na Landan ya riga ya ambace shi a matsayin mai sassaƙa zane kuma mai yanka taswira a kan katako don sauƙaƙa koyar da labarin ƙasa. Yana da shekara ashirin da huɗu ke nan.

Dabarar ba ta da wani sarƙaƙiya, shi ya sa take burge ni. Ya ɗauki taswirar da aka buga aka sa mata launi, ya manna ta a kan siririn katako, sannan ya sa ɗan zarto mai siririn baki irin na masu ƙawata kayan ɗaki ya bi kan iyakar kowace ƙasa ya yanke ta. Faransa ta fita daban, Sifen daban, Italiya da siffarta ta takalmi daban. A zuba a akwati a miƙa wa yaro, a ce ya mayar da Turai yadda take. Gutsattsarin ba su da kunnuwan da ke maƙale juna irin na yanzu, jerawa kawai ake yi gefe da gefe, in wani ya bugi tebur Turai ta watse.

Ku yi tunanin abin da wannan ke yi wa kwanyar yaro. Mu a firamare haddace jihohi da manyan biranensu muka yi da waƙa, har yau in aka tashe ni daga barci zan rera. Amma sai da na shiga jami'a na gane cewa ban san wace jiha ce ke maƙwabtaka da wace ba. Yaron da aka ba ƙasa a hannunsa, ya juya ta, ya gwada ta nan ta ƙi, ya gwada can ta zauna, ya san siffarta da girmanta da maƙwabtanta ba tare da an ce masa haddace ba. Yatsunsa ne suka yi karatun.

Wadda ta fi shahara cikin ayyukansa ita ce taswirar Turai mai ɗauke da shekarar 1766, kuma akwai guda a babban ɗakin karatu na Birtaniya har yanzu. Bai tsaya nan ba. Ya fitar da ta duniya baki ɗaya, da ta Asiya, da Afirka, da Amurka, da Ingila haɗe da Wales, da Ireland, da Scotland. A 1766 ɗin nan dai maigidansa Jefferys, duk da sunansa da kusancinsa da fada, ya karye, bashi ya yi masa katutu. Yaron da ya koya a hannunsa kuwa kasuwa tana buɗe masa.

To amma wa ke saye? Nan ne labarin ya daina daɗi. Taswira guda tana kaiwa sule goma ko fiye, a lokacin da lebura zai iya yin mako yana aiki bai haɗa wannan kuɗi ba. Har akwai mai rahusa wadda aka cire mata teku, ƙasashen kawai za a ba ka. Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne, ko a Landan ko a Kurmi. Abin wasan 'ya'yan masu kuɗi ne da makarantun kwana na masu hali. Shekaru bayan rasuwarsa, a 1814, marubuciya Jane Austen ta sa wannan a littafinta Mansfield Park, inda 'ya'yan gidan attajiri suke yi wa 'yar'uwarsu da aka kawo daga gidan talaka dariya don ba ta iya haɗa taswirar Turai ba. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, ba ta dai taɓa ganin abin ba. Wanda ya fito daga makarantar ƙauye ya shiga aji ɗaya da 'yan makarantun kuɗi, aka ce kowa ya buɗe kwamfuta, ya san wannan dariyar. Ni na sha ta a shekarata ta farko.

Abin ya kai har gidan sarauta. Lady Charlotte Finch, wadda aka ɗora wa tarbiyyar 'ya'yan Sarki George na Uku tun daga 1762, tana da wata 'yar durowa ta musamman cike da irin waɗannan taswirori, wasunsu aikin Spilsbury, da su take koyar da 'ya'yan sarki. Durowar tana nan, a hannun hukumomin adana kayan tarihi na Ingila.

A matsayina na ɗalibin aikin jarida, malamanmu sun hana mu haɗiye labari ba tauna, don haka bari in faɗa muku inda ake jayayya. In ka duba intanet za ka ga an rubuta kai tsaye cewa Spilsbury ne ya ƙirƙiro wasan. Masu bincike kuwa sun gano wasiƙun wasu matan manyan Ingila na wajen 1760 da ke ambaton taswirorin katako na wata malama Bafaransa da ke koyarwa a Landan, Jeanne-Marie Leprince de Beaumont, wadda aka fi sani da tatsuniyar kyakkyawar yarinya da dodo. Ke nan da alama tana amfani da dabarar a ajinta kafin shagon Russell Court ya yi suna. A ganina abin da ba a jayayya a kansa shi ne Spilsbury ne ya mayar da ita sana'a: ya buga da yawa, ya sa farashi, ya yi talla, ya sa sunansa a jiki. Wanda ya sa suna a kan kaya shi tarihi ke tunawa, malamar aji kuwa sai an tono. Masu ɗora hotuna da bidiyon wasu a TikTok ba tare da ambaton mai shi ba, ba da ku nake ba, amma kun ji.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya mini a rai, shi ne katakon. Wanda aka fi amfani da shi a irin wannan aiki shi ne mahogani, ɗan'uwan maɗacin da muke da shi a nan. Ingila ba ta da shi. Daga Jamaika da gaɓar Honduras ake kawo shi, kuma waɗanda ke sare shi a daji su ja shi zuwa bakin ruwa bayi ne da aka kwaso daga Afirka. Ɗan attajiri yana zaune a kan kafet yana neman inda zai sa Afirka, katakon da ke hannunsa kuwa gumin ɗan Afirka ne.

Afirkar ma da ake haɗawa, rabinta zato ne. Masu taswirar Turai na lokacin sun san bakin teku sosai, don nan jiragensu ke tsayawa, amma cikin nahiyar sai dai ji. Sunayen ƙasashenmu da ke fitowa a taswirorinsu, Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, a karkace ake rubuta su, kuma an samo su ne daga littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Venis tun 1550. Da yawansu ma sun zana kogin Kwara yana gangarawa yamma, sai a 1796 Mungo Park ya gan shi da idonsa a Segu yana tafiya gabas. A 1766 da Spilsbury ke yanka taswirarsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yaro ne ɗan shekara goma sha biyu yana karatu a ƙasar Gobir, Kano kuma tana cike da fatake da marina, ba ruwanta da yadda aka zana ta a Landan. Sai a 1824, shekara 55 bayan rasuwar Spilsbury, Hugh Clapperton ya shigo Kano. Daga baya kuma aka zo aka yi yankan gaske: bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, Ingila da Faransa suka yi ta jan layi a takarda har Katsina ta faɗo gefe ɗaya Maraɗi ta faɗa ɗaya gefen. Ba na ɗora wa Spilsbury wannan laifi, ya rasu fiye da shekara ɗari kafin nan. Na dai kasa kallon zartonsa ban tuna da shingen Jibiya ba.

Ranar 3 ga Afrilu, 1769, Spilsbury ya rasu, bai haura shekara talatin ba. Sana'ar da ya kafa ba ta fi 'yan shekaru ba a hannunsa. Sarah ce ta riƙe shagon ta ci gaba da sayar da taswirorin. Daga baya ta auri Harry Ashby, wani mai sassaƙa rubutu da ya yi aiki a shagon, wanda shi ma ya taɓa zama a wajen Jefferys. Ba a cika ambatonta ba, amma da ta rufe ƙofa ta sayar da farantan jan ƙarfen a matsayin kayan gwangwan, wataƙila da ba mu ji sunan mijin ba.

To yaya aka tashi daga taswira aka koma yarinya da kwikwiyo? A hankali. Kafin ƙarshen ƙarnin, masu buga littattafan yara a Landan irin su John Wallis da William Darton sun karɓi dabarar, suna yanka jerin sarakunan Ingila da labaran addini da darussan tarbiyya. Har lokacin karatu ne aka lulluɓe da wasa. A ƙarni na 19 aka samu hanyar buga hoto mai launi da araha, aka samu zarto mai aiki da feda kamar keken ɗinki, daga irin wannan zarto ne ma sunan jigso ya fito. Turawan zamanin Sarauniya Victoria kuma suna mutuwar son zanen yara da dabbobin gida. Charles Burton Barber, wanda ya rasu a 1894, ya yi suna da wannan har sarauniyar ta sa shi zana karnukanta da jikokinta. Arthur Elsley, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1952, ya ɗora daga nan, zanensa ya cika kalandu da tallan sabulu. Masu yanka hoto suka ga abin da mutane ke so su rataya a ɗaki, suka bi. Darasi ya fita, nishaɗi ya zauna.

Wajen 1908 manya suka karɓe wasan daga hannun yara a Amurka. Kamfanin Parker Brothers ya ɗauki mata aiki suna yanka hotuna da hannu, kuma a lokacin ba a sa hoton a bayan kwali, sai ka gama haɗawa za ka san abin da ka sayo. Da tattalin arziki ya rushe a farkon shekarun 1930, aka koma buga su a kwali da injin da ke yankewa a bugu ɗaya, farashi ya faɗi, har a farkon 1933 ana sayar da kimanin miliyan goma a mako a Amurka. Mutum ba aiki, ba kuɗin fita, ga abin da iyali za su taru a kai su ga sun kammala wani abu. Har hayarsu ake bayarwa a shaguna. Abin da aka yi wa 'ya'yan sarki sai da ya shekara fiye da 160 kafin ya zo hannun marar aiki. A kullen korona na 2020 ma an sake rububinsu.

Yau akwai mutanen da tara tsofaffin nan ne abin sha'awarsu, wasu ma na yara da dabbobi kaɗai suke nema. Suna duba ko na katako ne yankan hannu ko na kwali yankan inji, ko akwatin na asali ne, wane kamfani ne, wa ya yi zanen. Babbar tambayarsu kuwa ita ce ko ya cika, don gutsure ɗaya in ya ɓata daraja ta zube. Shi ya sa mai sayarwa na kirki sai ya haɗa shi tsaf ya ɗauki hoto kafin ya sa kuɗi. Aikin Spilsbury na ainihi kuwa ya yi ƙaranci, yawanci sai a gidajen tarihi, don abin da aka ba yara ba ya daɗewa cikakke.

Namu na Watari na kwali ne, ba wani mai tarawa da zai kalle shi sau biyu. Da aka kai ƙarshe a daren rana ta uku, ana haskawa da fitilar waya, sai aka ga rami ɗaya a fuskar magen, daidai idonta na hagu. Aka ɗaga tabarma, aka zazzage kwalin, aka tuhumi akuya. Babu. Wataƙila yana ƙarƙashin kujerar wani gida a Ingila tun kafin a haife ni.

Da safe na tarar autanmu, ɗan aji huɗu, ya zura yagaggen kwalin sukari a ƙarƙashin ramin, ya zana siffar da biro, ya yanke da reza, ya ɗiga ido da tawada. Idon ya fi ɗayan girma, magen ta koma kamar ta ga maciji, amma ya zauna daram. Kafin in dawo makaranta ya riƙe mini jaka har bakin titi, yana ta jaddada mini cewa in zan zo hutu na gaba in taho masa da taswirar Najeriya mai jihohi 36, da gam, da kwalin taliya babba wanda bai jiƙe ba. Ya ce reza yana da ita.